Onus: nauyin ya rataya a wuyan wa?

Filin Gyaran Turanci na wannan fitowa ya tattara wasiƙun da suka zo kan kalma guda, wato *onus*, da 'yan'uwanta da ake yawan tuntuɓe a kansu a ofis, a ɗakin jarrabawa da kuma a kotu.

Assalamu alaikum. Na rubuta wa shugaban sashenmu takarda, a ciki na ce *It is my onus to prepare the monthly report*. Ya ja wa kalmar layi da jan biro, ya ce in sake, bai faɗi dalili ba. Ni kuwa ƙamus ya gaya mini ma'anarta nauyi ne ko alhaki. Ina kuskuren yake? Daga wani ma'aikaci a Katsina.

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, shugaban naka ma bai zalunce ka ba. *Onus* nauyi ne, amma ba kowane nauyi ake kira da ita ba. Daga harshen Latin ta fito, inda take nufin kayan da ake lafta wa dabba ko jirgin ruwa, har Rumawa suna kiran jirgin dakon kaya *navis oneraria*. Turanci ya are ta a ƙarni na 17, kuma wurin da ta fi samun gindin zama shi ne bakin lauyoyi da masu muhawara. Wannan tarihi yana nan manne da ita har yau. Ana ɗauko ta ne idan akwai ɓangare biyu ko fiye, kuma ana son a fayyace a wuyan wanne daga cikinsu abu ya rataya: wa zai kawo hujja, wa zai fara motsawa, wa za a tuhuma in ba a yi ba.

Duba wannan: *The onus is on the seller to disclose any fault in the car*. Abin da jimlar ke cewa, mai sayar da mota ne zai faɗi aibinta, ba mai saye ne zai zauna yana tono ba. Ka ga akwai wani "ba wane ba" a ɓoye cikin maganar, ko da ba a furta shi ba. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙa gwadawa da shi. Fassara jimlarka da Hausa a zuci, ka ga ko za ta karɓi "shi ne, ba wane ba". In ta karɓa, *onus* ta zauna. In ba ta karɓa ba, nemi wata kalma.

Rahoton wata-wata aikinka ne na yau da kullum, babu mai ja da kai a kansa. Don haka abin da ya dace shi ne *It is my responsibility to prepare the monthly report*, ko *It is my duty*, ko ma ka taƙaita ka ce *I prepare the monthly report*. Da a ce rahoton ya makara, ana ta nuna wa juna yatsa tsakanin sashenku da na kuɗi, a nan ne za ka rubuta *The onus is on the accounts department to supply the figures first*, jimlar kuma ta fito tsaf.

Kuskure na biyu shi ne *my* ɗin da ka sa mata. Nahawu bai haramta *my onus* ko *his onus* ba, sai dai masu harshen da wuya su faɗa, kunnensu yana jin wani banbaraƙwai. Kalmar kusan kullum da *the* take tafiya, sannan a kawo mai ɗaukar nauyin bayan *on*. Maimakon *my onus*, sai a ce *the onus is on me*.

Tunda ga alama rubutun ofis kake yi kullum, ga yadda sauran suke rarrabuwa. *Duty* abin da muƙaminka ko matsayinka ya wajabta maka. *Responsibility* abin da aka damƙa a hannunka, za a tambaye ka a kansa, ita ce kuma mafi faɗi a cikinsu. *Obligation* abin da alkawari, yarjejeniya ko doka ta ɗaure ka da shi. *Liability* ta shafi biyan diyya ko bashi idan abu ya lalace. *Burden* tana nuna wahalar ɗaukar abin. Mutum zai iya alfahari da *responsibility* ɗinsa, amma *onus* ba a murnar samunta.

Malamai, ina shirin rubuta WAEC. A wata tambayar gwaji an ce *The onus is ___ the tenant to report the damage*, aka ba mu *for*, *on*, *to*, *at*. Na zaɓi *for* na faɗi. Don Allah ku ba ni ƙa'idar gaba ɗaya. Daga wata ɗaliba a Gusau.

'Yarmu, amsar ita ce *on*. Ƙirar da za ki haddace kamar karatun allo ita ce: *the onus is on*, sai mutum, sai *to*, sai aikatau tsurarsa ba ƙari. *The onus is on the tenant to report the damage*. Ba a cewa *to reporting*, ba a kuma cewa *that he should report*, duk da cewa Hausar da ke cikin kanki, wato "cewa ya kai rahoto", ita ce za ta riƙa jan hannunki zuwa can.

Idan aka sauya *is* da wani aikatau, ƙaramar kalmar da ke biye tana iya sauyawa. *Lies* da *rests* suna karɓar *with* ko *on*: *the onus lies with the landlord*, *the onus rests on the landlord*. *Falls* kuwa *on* ta fi so. A nan akwai ramin da ɗalibai da yawa suke faɗawa: *lies* ce, ba *lays* ba. In abin ya wuce, sai ta koma *lay*, kamar *the onus lay with the ministry*. *Lied* ta maƙaryaci ce, ba ta da hurumi a nan.

Ƙira ta biyu ita ce a fara ambaton aikin kafin mutumin. A nan *of* ake sawa, aikatau kuma ya ɗauki *-ing*: *The onus of proving the claim is on the buyer*. Kada ki gauraya biyun ki ce *the onus of to prove* ko *the onus of prove*. *For* da kika zaɓa ana jin ta a gaban abu, misali *the onus for repairs lies with the landlord*, amma ba a sa ta a gaban mutumin da nauyin ke kansa. Wannan ne ya kayar da ke.

In ana son a ce wani ya ɗora wa wani nauyin, aikatau biyu ne suka fi yawa, *put* da *place*: *The new rule places the onus on parents*. In an ture shi daga wani zuwa wani, *shift* ce, tare da *to* ko *onto*. Wanda nauyin ke kansa *bears the onus*, in ya sauke shi kuma *he has discharged the onus*, ko da yake wannan ta ƙarshe maganar kotu ce. Ba a cewa *do the onus* ko *perform the onus*.

Sai abu biyu da masu duba takarda suke kamawa nan take. Na farko, harafin *s* na ƙarshenta ba na jam'i ba ne. Tilo ce, saboda haka *is* take ɗauka, ko da jam'i ya shiga tsakani: *The onus on parents and teachers is heavy*, ba *are* ba. Na biyu, kada ki kwashe Hausa ɗungurungum ki kai Turanci. Mu a wuya muke rataya nauyi, shi ya sa ake ganin *the onus is on his neck* ko *on his head* a takardun yara. Bature a kafaɗa yake ɗora nasa, kuma da *responsibility* ko *burden* ya fi haɗa kafaɗar: *the responsibility rests on his shoulders*. Da *onus* kuwa, *on him* ta wadatar.

A insha'in WAEC maki 50 ne, an kasa su huɗu: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Shawararmu, kalmar ta dace da insha'in muhawara da wasiƙa zuwa ga hukuma ko editan jarida, sau ɗaya a inda ta zauna daram. A wasiƙar da za ki rubuta wa ƙawa ko yayarki, bar ta, ki ce *it is up to you*.

Ni malamar firamare ce. Na karanta kalmar a taron malamai sai na ga wasu suna danne dariya. Yaya ake furta ta? Daga Jos.

Malama, gaɓa biyu ce, kuma a ta farko ake sauke ƙarfin murya. Gaɓar farko irin sautin da ke cikin *go* da *own* ne, ta biyu kuma gajeriya ce mara ƙarfi, ta fi kusa da "nas" da aka faɗa da sauri fiye da "nus". Hanya mafi sauƙi: faɗi *bonus*, ki cire *b*. Amonsu ɗaya, kuma irin tambayar da ake kawowa ke nan a ɓangaren furuci na jarrabawa.

Dalilin dariyar ba ɓoyayye ba ne. Akwai wata kalma da ba ta bambanta da ita a rubuce ba sai a harafin farko, *a* a madadin *o*, ma'anarta kuwa dubura. Ita waccan da irin sautin da ke cikin *day* take farawa. Duk wanda ya saki leɓɓansa a gaɓar farko zai iya zamewa can. Ki zagaye leɓɓa tun kafin ki buɗe baki, shi ke nan. Mai buga takarda ma ya lura, domin manhajar gyaran rubutu ta kwamfuta ba za ta ja wa wannan kuskure layi ba, tunda ita ma kalma ce ingantacciya.

Wasu kuma suna ganin *on* a farko su karanta ta kamar *on us*, wasu su ja ta zuwa *one*. Duka biyu ba daidai ba ne. Ƙarshenta *s* ce tsantsa, ba *z* ba. A furucin Ingila, inda ba a jin *r* a ƙarshen gaɓa, wannan kaɗai ya raba ta da *owners*, shi ya sa za ki ga wani ya rubuta *the owners is on you*, ko ya ƙirƙiro *ownus* da babu ita a ƙamus. Ki gwada maimaita *The onus is on the owners* a hankali, ta farko da *s*, ta ƙarshe da *z*.

Ina bin wani bashin naira 500,000, muna kotu. Da farko lauyana ya ce *the onus of proof is on us*. Bayan zama biyu sai ya ce *the onus has shifted*. Me ya sauya? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Alhaji, a nan ka zo gidan kalmar na asali. *Onus of proof*, ko *burden of proof*, ko da Latin *onus probandi*, duk abu ɗaya ne: nauyin kawo hujja. Amurkawa sun fi riƙe *burden*, lauyoyin Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta, har da Najeriya da Ghana, suna amfani da duka biyun.

Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a wurinka. Hadisi na 33 cikin Arba'una ta Imam Nawawi yana cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Dokar Rumawa da aka tattara zamanin Sarki Justinian a shekarar 533 ita ma ta ce hujja tana kan wanda ya faɗa, ba wanda ya musa ba. A Najeriya, sashe na 131 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk wanda yake son kotu ta ba shi hukunci bisa wasu abubuwa da ya ce sun faru, shi zai tabbatar da faruwarsu. Kai ka ce ka ba da kuɗi, don haka kai za ka fara kawo takardar yarjejeniya, ko shaidar tura kuɗi ta banki, ko mutanen da aka yi a gabansu.

To, a ce ka kawo, wanda kake ƙara kuma ya miƙe ya ce, "Haka ne na karɓa, amma ai na biya." Yanzu shi ne ya zo da sabuwar magana. Ba kai za ka tabbatar da cewa bai biya ba, shi zai nuna rasit ko shaidun biyan. Abin da lauyanka yake nufi da *the onus has shifted* ke nan, kuma sashe na 133 ne ya tsara yadda nauyin ke kai-komo tsakanin ɓangarorin a irin wannan ƙara. In ya kawo rasit kai kuma ka ce na jabu ne, ƙwallon ta sake dawowa wurinka. Wannan bayanin kalma muke yi, yadda shari'arka za ta kaya kuwa sai lauyan da ya ga takardunka.

Akwai wani ruɗani da ko ɗaliban lauya ba su tsira daga gare shi ba, wato haɗa *onus of proof* da *standard of proof*. Ta farko tana amsa tambayar "wa zai kawo hujja?", ta biyu kuma "hujjar ta kai wane mizani?". A ƙara irin taka, rinjaye kawai ake nema, wato *balance of probabilities*, kamar yadda sashe na 134 ya ce. A tuhumar aikata laifi kuwa, sashe na 135 ya ce sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, wato *beyond reasonable doubt*. Saboda haka jimlar *the onus of proof is beyond reasonable doubt* gurguwa ce. Daidai shi ne *the onus is on the prosecution to prove the charge beyond reasonable doubt*.

A shari'ar laifi nauyin ba ya yawo kamar na bashi. Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a wannan babi ita ce ta Woolmington a Ingila, shekarar 1935, inda aka yanke cewa mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da laifi, ban da wuri biyu: idan wanda ake tuhuma ya fake da taɓin hankali, ko idan wata doka ta fito fili ta ɗora masa nauyin. Irin wannan juyi shi ake kira *reverse onus*. Haka nan in ka ji ana ta maimaita kalmar a labaran kotun ƙararrakin zaɓe, dalili shi ne sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana ana ɗaukarsa sahihi, wanda ya ce an yi maguɗi shi zai tabbatar.

Da Faransanci na yi karatu, yanzu ina koyon Turanci saboda harkar kasuwanci da Najeriya. Na rubuta *The car is too onerous* ina nufin ta yi tsada, aka ce ba haka ba ne. Ba ita ce *onéreux* ba? Daga wani matashi a Maraɗi.

Ɗan'uwa, uwarsu ɗaya, wato *onus* ɗin nan ta Latin, amma kowacce ta kama hanyarta. A Faransanci *onéreux* ta tsaya kan tsada. A Turanci *onerous* tana nufin abu mai wahalar ɗauka, mai gajiyarwa: *an onerous task*, *onerous duties*, *onerous conditions*. Mota sai dai *expensive* ko *costly*. Inda suke haɗuwa shi ne yarjejeniya: *the terms of the loan are onerous* na nufin sharuɗɗan bashin sun yi tsauri, ciki har da kuɗin da za a biya. A wannan gefen iyaka kuma kuskuren daban ne, wasu suna jin kamar tana da alaƙa da *honour*, sai su yi wa sabon shugaba murnar samun *this onerous position* suna zaton yabo ne.

Ka kula da *exonérer* ma. A wurinku an fi jin ta a maganar yafe haraji ko kuɗin kwastan. Turancin wannan *exempt* ne: *exempt from tax*. *Exonerate*, wadda asalin ma'anarta sauke wa mutum kaya, yanzu wanke mutum daga zargi take nufi: *The panel exonerated him from blame*. *La charge de la preuve* kuma ba *charge of proof* ba ce, *burden* ko *onus of proof* ce.

*Il incombe à* ta Faransanci, wato "ya wajaba a kan", tana da takwara kai tsaye, *it is incumbent on* ko *upon*, sai mutum, sai *to*: *It is incumbent on the importer to declare the goods*. Wannan ta fi *onus* sassauci, domin ba ta buƙatar ɓangare na biyu, wajibci kawai take nunawa. Kuma za ka ci karo da *it behoves on us* a jaridun Najeriya. Kada ka kwaikwaya. *Behove* ba ta ɗaukar *on*, ana cewa *it behoves us to act*, Amurkawa kuma su rubuta *behooves*. Wataƙila daga *incumbent on* da *onus is on* ne wannan *on* ta yi tsalle ta faɗa inda ba a gayyace ta ba.

Shin tana da jam'i? Kuma daidai ne a ce *the onus of responsibility*? Na kuma ga an rubuta *the bulk stops on the governor's table*, ma'anarsu ɗaya? Daga wani mai koyon aikin jarida a Kaduna.

Jam'inta a ƙamus *onuses* ne, amma za ka shekara kana karatu ba ka gamu da shi ba. In nauyin ya kai biyu, koma wa *responsibilities* ko *obligations*. Tana karɓar *an* idan ana maganar wani sabon nauyi da aka ƙirƙiro, kamar *the law places an onus on employers*, da sifa kuma a ce *a heavy onus*.

*The onus of responsibility* ana rubuta ta, har a manyan jaridun Ingila, ba za mu kira ta kuskure ba. Amma maimaici ne, edita mai kaifin biro zai soke kalma biyun ƙarshe, mu ma haka za mu yi.

Ta ukun kuwa kuskure biyu ne a jimla ɗaya. *Buck* ce, ba *bulk* ba, kuma ana cewa *the buck stops with the governor* ko *the buck stops here*. Maganar ta shahara ne saboda ɗan allon da shugaban Amurka Harry Truman, wanda ya yi mulki daga 1945 zuwa 1953, ya ajiye a kan teburinsa ɗauke da waɗannan kalmomi, wataƙila daga nan teburin ya shigo cikin ta 'yan jaridarmu. Kishiyarta ita ce *pass the buck*, wato tura wa wani laifi. Ma'anarsu ba ɗaya ba ce da *onus*. Idan kana rubuta labarin gadar da ta karye, *the onus is on the contractor to show that he used the right materials* tana magana kan wanda zai kare kansa yanzu, *the buck stops with the commissioner* kuma tana nuna wanda ba shi da wani na sama da zai miƙa wa laifin a ma'aikatar. Kana iya amfani da duka biyun a labari ɗaya, amma kada ka sa ɗaya a gurbin ɗaya.